Tafiyar Hawainiyar Tafawa Ɓalewa: Tsoro Ne Ko Lissafi?

Duk lokacin da aka tayar da zancen shugabannin Afirka na zamanin karɓar mulkin kai, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Kwame Nkrumah da Sekou Toure da Patrice Lumumba da Gamal Abdel Nasser. Shi kuwa Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, in an tuna da shi, sai a ce mutumin kirki ne, mai gaskiya, mai zaƙin murya, bai tara dukiya ba. Daga nan sai a sassauta murya a ƙara da cewa ai yaron Turawa ne, ko kuwa ɗan aiken Sardauna. Wannan hukunci ya daɗe yana yawo, kuma a ganina an yanke shi ne ba tare da an leƙa kayan da mutumin ya ɗauko a ka ba. Wanda ya ɗauko kwandon ƙwai ba zai yi tafiya irin ta mai rataye da gora ba.

Ƙasar da aka miƙa masa ranar 1 ga Oktoba 1960 murhu ce mai duwatsu uku, kowane dutse kuma yana ganin zai iya riƙe tukunyar shi kaɗai. Arewa tana hannun jam'iyyar NPC ta Sardauna, Yamma tana hannun AG ta Awolowo, Gabas tana hannun NCNC ta Azikiwe. Kowace jiha da Firimiyanta da majalisarta da hukumar cinikin amfanin gonarta, har da wakilinta na kanta a Landan. Shekara bakwai kacal kafin nan, saura ƙiris murhun ya watse. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a sauya shekarar da "da zarar hali ya yi", aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko, a watan Mayu kuma jini ya zuba a Kano. Majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas waɗanda, in ka cire musu riga, rabuwa ce: kowace jiha ta ci gashin kanta, a bar wata 'yar hukuma a tsakiya tana kula da tsaro da kwastan da harkokin waje. Ɓalewa kansa yana cikin masu wannan ra'ayi tun da farko. A 1947 ya faɗa a zauren majalisa cewa tun haɗewar 1914 Nijeriya ƙasa ɗaya ce a kan takarda kawai.

Ana yawan cewa tafiyar da ya yi Amurka a 1955, inda ya je duba yadda ake sufuri a kogin Misisipi, ita ta sauya masa tunani, don ya ga mutane daga asali iri-iri sun zama al'umma ɗaya. Ba na musun haka. Amma kujerar da yake kai a lokacin ta fi tafiyar koya masa darasi. Ministan sufuri ne, kuma ministan sufuri ya san abin da mai jawabi a dandali bai sani ba: Arewa ba ta da teku. Dalar gyaɗar da ke tsaye a Kano ba ta zama kuɗi sai ta hau jirgin ƙasa ta sauka Apapa ko Fatakwal. Auduga haka, fatu da ƙiraga haka. A zamaninsa ne aka kafa hukumar tashoshin jiragen ruwa da hukumar jiragen ƙasa, kuma bashin farko da Nijeriya ta karɓa daga Bankin Duniya a 1958, dala miliyan 28, na jirgin ƙasa ne, wanda ya taimaka aka ja layin dogo ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Mutumin da ya zauna da waɗannan alƙaluma ba zai ƙara yi wa rabuwa kallon wasa ba.

Saboda haka diflomasiyyarsa ta farko a cikin gida ya yi ta. Da aka naɗa shi Firayim Minista a 1957, bai kafa gwamnatin jam'iyyarsa da abokan ƙawancenta kaɗai ba, sai da ya jawo AG ciki, Samuel Akintola da Ayo Rosiji suka karɓi kujerun minista. Dalilin a fili yake. Sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, Alan Lennox-Boyd, ya ƙi sa rana a taron Landan na 1957, kuma hujjar da Turawa suka fi jin daɗin amfani da ita ita ce kanku ba a haɗe yake ba. Da aka koma Landan a 1958 da murya guda, sai aka sami ranar, bisa sharaɗin majalisar da za a zaɓa a 1959 ta sake nema da bakinta. An biya farashi: ƙananan ƙabilun da suka kai kuka gaban hukumar Willink, wadda Ingila ta kafa don sauraren koke-kokensu, ba su sami jihohinsu ba, domin Ingila ta ce in ana son sababbin jihohi to a ɗage ranar. Shugabannin suka zaɓi ranar. Wannan bashi ne da ƙasar Tibi da yankin Neja-Delta suka yi ta karɓa da ruwa daga baya, kuma Ɓalewa yana da kaso a cikinsa.

Akwai wani ɓangare na haihuwar ƙasa da ba a yi masa waƙa, wato aikin ofis. Sauke tuta da ɗaga wata a filin sukuwa na Ikko da tsakar dare abu ne na mintoci. Amma washegari dole a sami wanda zai rubuta wa wata gwamnati wasiƙa a tsarin da aka saba, wanda ya san yadda ake neman amincewar ƙasa kafin a tura mata jakada, wanda zai iya karanta yarjejeniyoyin da Ingila ta sa hannu da sunan Nijeriya ya tantance waɗanda za a gada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1957 gwamnatin Ɓalewa ta ɗebi matasa goma sha biyu, cikinsu har da Aminu Sanusi da Leslie Harriman da Philip Asiodu da John Garba, aka rarraba su ofisoshin jakadancin Ingila su koyi aikin da hannu. Kafin nan abin da Nijeriya ke da shi a waje bai taka kara ya karya ba: ofis a Landan, wani ƙarami a Washington mai kula da ɗalibai, da ofisoshin alhazai a Khartoum da Jidda. Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar harkokin waje da kansa har tsakiyar 1961 kafin ya miƙa wa Jaja Wachuku, kuma ina ganin da gangan ya yi, don kowace jam'iyya tana da inda zuciyarta ta karkata a duniya, in ya saki linzamin da wuri wani zai ja dokin zuwa inda sauran ba za su bi ba.

Shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ta tabbata don an ɗaga tuta. Sai ƙasa ta rubuta takardar nema, Kwamitin Sulhu ya amince ba tare da ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar naƙi ba, sannan babban zaure ya kaɗa ƙuri'a. Nijeriya ta wuce matakan nan cikin mako guda, ta zama ƙasa ta 99 ranar 7 ga Oktoba 1960. Mai ganin wannan ba komai ba ne ya dubi Muritaniya. Ta sami 'yanci a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, Maroko ta ce ƙasar yankinta ce, Tarayyar Sobiyet ta hau kujerar naƙi, sai da ta yi kusan shekara tana jira a bakin ƙofa.

A jawabinsa na ranar a New York ya faɗi wata magana da ta fi kowace nauyi ga maƙwabta, cewa Nijeriya ba ta da kwaɗayin ƙasar kowa. A yau maganar kamar ba ta da gishiri. A 1960 kuwa tana da shi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta tsaga Barno, ta bar Yarbawa a Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ta bar Fulanin Adamawa a ɓangarori biyu. Nijeriya ta fi dukan maƙwabtanta yawan jama'a nesa ba kusa ba, kuma akwai 'yan siyasa a Kudu da Arewa da ke ganin lokaci ya yi da za a "dawo da 'yan'uwa gida". A daidai lokacin Gana na takun-saƙa da Togo a kan ƙabilar Ewe, Somaliya na neman yankunan Habasha da Kenya. Da Ikko ta buɗe wannan ƙofa, da Hamani Diori na Nijar da Ahmadu Ahidjo na Kamaru da François Tombalbaye na Chadi sun ƙara maƙalewa a jikin Faransa, kuma da hujjar da za a yi amfani da ita a karɓo Maraɗi ita ce za a yi amfani da ita a ɓalle wani yanki daga Nijeriya.

Inda aka sami ƙarin ƙasa, ta hanyar akwati aka same shi. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kai, Arewacin Kamaru na Ingila ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna ranar 1 ga Yuni, Kudancin kuma ya zaɓi Kamaru. Ahidjo ya ji zafi har ya kai ƙara kotun duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a 1963. Ikko ba ta mayar da martani da zafi ba, kuma ba ta yi jayayya a kan Kudancin da ya tafi ba. Ba a yi wata shida da wannan ba, ranar 22 ga Mayu 1964, ga Ɓalewa da Ahidjo da Diori da Tombalbaye zaune a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, suna sa hannu a kafa Hukumar Tafkin Chadi. Rundunar haɗin gwiwar da ke yaƙi da Boko Haram a yanzu a ƙarƙashin inuwar wannan hukuma take aiki.

Babban karon shi ne da Nkrumah. Shugaban Gana yana son gwamnati ɗaya ga Afirka baki ɗaya, nan take: kuɗi ɗaya, babban banki ɗaya, rundunar soja ɗaya, manufar waje ɗaya. Tun a taron Addis Ababa na Yuni 1960, kafin ma a ba Nijeriya mulki, Yusuf Maitama Sule ya yi hannunka-mai-sanda a madadin Ikko, ya gargaɗi duk wanda ke ɗaukar kansa mai ceton da aka aiko ya jagoranci nahiyar. Kowa ya san da wa ake. Aka rabu gida biyu, rukunin Kasablanka na su Nkrumah a Janairu 1961, rukunin Monrobiya na su Ɓalewa a watan Mayu. Taron Ikko na Janairu 1962 ya so haɗa su, bai yi nasara ba, don an ƙi gayyatar gwamnatin wucin-gadi ta 'yan gwagwarmayar Aljeriya saboda kada ƙasashe renon Faransa su fice, su kuma 'yan Kasablanka suka ƙaurace. Wannan kuskure ne, kuma abin kunya ne, ganin watanni kaɗan bayan nan Aljeriya ta sami 'yancinta. Amma daftarin da aka tsara a Ikko bai mutu ba. Da aka hallara a Addis Ababa a Mayu 1963, kundin da aka sa wa hannu ya kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a kan daidaiton ƙasashe manya da ƙanana, da rashin tsoma baki a harkokin cikin gida, da mutunta yankin kowa, da sasanta rikici ta hanyar sulhu, da la'antar kisan shugabanni da zagon ƙasa. Wannan harshen Monrobiya da Ikko ne kusan kalma da kalma. Batun kisan shugabanni kuwa jinin Sylvanus Olympio na Togo, wanda aka harbe a Janairun wannan shekara, shi ya sa aka rubuta shi. A Alƙahira a 1964 aka ƙara ɗaure maganar iyakoki.

Masu ƙaunar Nkrumah suna cewa a nan ne aka binne mafarkin Afirka. Ni kuwa tambayata ita ce: mutumin da ke fama ya riƙe Kaduna da Ibadan da Inugu a tukunya ɗaya, da wane baki zai koma gida ya ce ya miƙa soja da kuɗi ga wata gwamnati a Accra? Ya san tarayya daga ciki, ya san taro nawa aka yi daga 1953 zuwa 1958 kafin a yarda a kan rabon kuɗin shiga da matsayin birnin Ikko da ikon 'yan sanda. Ƙawancen Gana da Gini da Mali bai wuce takarda ba, tarayyar Mali da Senegal ta rushe cikin wata biyu da samun 'yanci, haɗewar Masar da Siriya ta watse a 1961. Dokin mai baki ya fi gudu, amma tarihi a nan ya bi bayan mai tafiyar hawainiya.

Ribar ta zo bayan ransa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ƙa'idar da ya dage a kai ita ta tsaya wa Nijeriya. Ƙasashen Afirka huɗu kaɗai suka amince da Biyafara: Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya. Nijar da Kamaru, duk da matsin Faransa, suka tsaya tare da gwamnatin tarayya, kuma da Ahidjo ya buɗe iyakarsa ga masu safarar makamai da labarin yaƙin ya sauya. Ba a ɓoye illar ƙa'idar ba: ita ce ta rufe bakin nahiyar har Idi Amin ya shugabanci ƙungiyar a 1975, kuma sai da Tarayyar Afirka ta zo aka ba ta ikon shiga inda ake kisan ƙare-dangi. Amma wanda ya ɗora wa Ɓalewa laifin Idi Amin, adalci ne ya ba shi ladan 1967.

Zargin zama yaron Turawa yana da tushe, ba zan share shi ba. Yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda aka tsara tun taron 1958, ta ba jiragen sojan Ingila damar ratsa sararin Nijeriya da yada zango. Ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi tattaki zuwa majalisa a Nuwamba 1960, Awolowo ya mayar da ita makami, sai gwamnati ta soke ta a Janairu 1962, 'yan kwanaki kafin baƙin taron Ikko su iso. Kuskuren shi ne an ƙulla ta a ɗaki ba a shirya jama'a ba, kuma abin da ta tanada na horar da hafsoshi ana iya samunsa ba tare da ita ba, kamar yadda aka ci gaba da samu bayan an soke ta. Haka nan ya yi wa Tarayyar Sobiyet rowar fuska fiye da kima, alhali yana cewa Nijeriya 'yar ba-ruwanmu ce.

Sai dai yaron Turawa ba ya korar jakadan Faransa. Da Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane cikin Saharar Aljeriya a ƙarshen Disamba 1960, a farkon Janairu Ikko ta ba jakada Raymond Offroy awa 48 ya tattara ya bar ƙasar, ta kuma rufe tashoshinta ga jiragen sama da na ruwa na Faransa. Ko Gana ba ta kai nan ba. Abin lura shi ne wannan mataki, wanda ya fi kowane farin jini a gida, shi ne mafi ƙarancin amfani. Faransa ta sake wani gwajin a watan Afrilu. Waɗanda suka ji jiki su ne Nijar da Chadi da Dahomey, masu dogaro da hanyoyin Nijeriya wajen shigo da kaya, har sai da aka janye takunkumin jiragen bayan 'yan watanni. Janar de Gaulle kuma bai manta ba. A taron ƙasashe renon Ingila na Maris 1961 kuwa, inda ya yi aiki da salonsa na zama a ɗaki a yi magana a tsanake, shi da Nehru na Indiya da Diefenbaker na Kanada da sauransu suka matsa har Hendrik Verwoerd, Firayim Ministan Afirka ta Kudu, ya janye takardar neman ci gaba da zaman ƙasarsa a ƙungiyar, gwamnatin wariyar launin fata ta fita daga ƙungiyar. Sojojin Nijeriya da 'yan sandanta sun yi aiki a Kwango daga 1960 zuwa 1964, har Aguiyi-Ironsi ya jagoranci rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a can, kuma da sojojin Tanganyika suka yi bore a 1964, bataliyar Nijeriya ce ta maye gurbin sojan Ingila bisa roƙon Nyerere.

Batun Isra'ila ya fi kowane nuna yadda yake auna waje da ma'aunin gida. Gabas da Yamma suna son hulɗa da ita, Sardauna ya ƙi ko jin sunanta. Ɓalewa ya bar Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko, ya karɓi bashinta da sunan tarayya, bai tilasta wa Arewa ta taɓa kuɗin ba, shi kuma bai buɗe ofishin Nijeriya a can ba. Babu wanda ya gamsu, babu kuma wanda ya fice. Wanda ke cewa ɗan aiken Sardauna ne kawai, ya bayyana mana wannan.

Inda nake ganin laifinsa ba shi da kariya shi ne Jihar Yamma. A Mayu 1962, saboda an yi jifa da kujeru a majalisar Ibadan, gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma, abin da ya ƙare da dawowar Akintola kan kujerar Firimiyan Yamma da ɗaurin shekara goma ga Awolowo a 1963. A Oktoba 1965 aka yi zaɓen jihar da maguɗin da ko makaho ya shafa ya ji, aka shiga ƙone gidaje da motoci da mutane da fetur, watanni ana yi. A wannan karon, da jini ke zuba da gaske, sai ya ce ba shi da hurumi. Bambancin kawai shi ne yanzu Akintola abokin ƙawancen NPC ne. Mutumin da ya iya zaunar da Awolowo da Azikiwe da Sardauna a tebur ɗaya a Landan, wanda ya kira taron ministocin Afirka a Ikko a Yuni 1965 don sasanta Nkrumah da maƙwabtansa bayan harin da 'yan Sawaba, 'yan adawar Nijar, suka kai wa Diori, bai kira irin wannan zama a kan Ibadan ba.

A maimakon haka Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, ya sa a gaba. Firayim Ministanta Ian Smith ya ayyana 'yancin Turawa tsiraru ranar 11 ga Nuwamba 1965, ministocin Afirka suka yanke cewa kowa ya yanke hulɗa da Ingila in ba ta murƙushe tawayen ba zuwa 15 ga Disamba. Gana da Tanzaniya da wasu suka aikata. Ɓalewa ya ƙi, ya ce a zo Ikko a tattauna, kuma a karon farko a tarihi shugabannin ƙasashe renon Ingila suka yi taronsu a wajen Landan, ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966. Ya hana ƙungiyar tarwatsewa, wannan gaskiya ne. Abin da aka samu daga Firayim Ministan Ingila Harold Wilson kuwa alkawari ne cewa takunkumi zai durƙusar da Smith cikin makonni, ba watanni ba, alhali sai a 1980 aka haifi Zimbabuwe. Baƙin da suka sauka a filin jirgin Ikeja sai da rakiyar jami'an tsaro suka shiga gari, don tarzomar Yamma ta riga ta iso unguwannin da ke bakin hanyar.

Ranar 14 ga wata Akintola ya tashi zuwa Kaduna ganin Sardauna. Kafin asubahin 15 ga wata sojoji sun shiga gidan Firayim Minista sun tafi da shi. Shugaban Kubrus, Akbishop Makarios, wanda ya zo taron, yana Inugu a matsayin baƙon Firimiya Michael Okpara bai ko bar ƙasar ba. Bayan kwana shida aka tsinci gawar Ɓalewa a gefen hanyar Abekuta, aka kai ta Bauchi.